Ƙarfen da Ke Cikin Baba

Shekarun baya, lokacin da gidanmu na Zangon Kumasi yake cika da baƙi har mutum ya rasa inda zai ajiye buta, mahaifina ya yi wata rashin lafiya da har yau ba a gama maganarta ba a gidan. Abin ya dawo mini ne shekaranjiya, da maƙwabciyata a kasuwa ta zo tana share hawaye, wai likita ya ce za a zura wa mijinta na'ura ta baki a saka masa ƙarfe a ciki. Na zaunar da ita na ba ta namu labarin, har masu sayen atamfa suka gaji da jirana suka wuce. Da na dawo gida na ce bari ku ma in rubuta muku.

Baba maigida ne a harkar shanu. A wurinmu in an ce maigida a kara, ana nufin mutumin da fataken shanu ke sauka a gidansa. Mutum zai taso daga Burkina ko Mali ko Nijar da mota cike da shanu, bai san kowa ba a Kumasi sai Baba. Baba zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya kai shi Mayanka, ya samo masa mahaucin da zai saya, ya tsaya a tsakani. Falke bai san mahaucin ba, fuskar Baba ya sani. Don haka jarin maigida kaf shi ne a gan shi kowace safiya tsaye da ƙafafunsa a cikin kara, da sandarsa a hannu. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa maigida ba shi da lafiya, baƙi sukan fara sulalewa zuwa wani gidan. Ba mugunta ba ce. Wanda ya ɗauko dukiyar danginsa duka ya yi doguwar tafiya da ita ba zai danƙa ta a hannun wanda ba a da tabbacin zai fito gobe ba.

Ni kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Yayyena maza ko tari Baba ya yi sai su natsu, amma ni tun ina ƙarama nake masa faɗa yana dariya, yana cewa tsohuwa ta tashi da rigima. Na kuwa ci moriyar wannan gata fiye da kima. Ga shi ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Kejetia, inda mai ƙaramar murya ba ya ciniki, sai bakin ya ƙara buɗewa. Duk maganar da kowa ke tsoron kai wa Baba, ni ake aikowa unguwar Dichemso a ɗauko daga gidan mijina.

Ciwon ya fara ne wata rana bayan ya ci abinci da baƙi. Wani abu ya murɗe shi a saman ciki ya ratsa har baya, ya kasa miƙewa. Ya kwana 'yan kwanaki a asibiti, aka ce wa baƙi zazzaɓi ne. Likitoci kuwa suka ce tsakuwa ce ta fito daga maɗaciya ta toshe hanya, ta sa wata 'yar doguwar tsoka da ke kwance a bayan tumbi ta kumbura. Suna ce mata fankiriyas, ita ce ke fitar da ruwan da ke narkar da maiƙo. Baba ya ce ya san ta sarai, ya sha ganinta a cikin saniya, bai dai taɓa tunanin shi ma yana da ita ba. Da zafin ya lafa aka sallame shi, washegari ya koma kara.

Bayan wasu makonni sai saman cikinsa ya fara tasowa, shi kuma yana ramewa. Babbar riga ta rufa masa asiri a waje, amma ba ta iya rufa masa a wurin cin abinci ba. Al'adar gidanmu, maigida da baƙinsa faranti ɗaya suke ci, a zaure, bayan Azahar. Maigidan da ya janye hannu da wuri kamar ya ce wa baƙo ya isa haka ne. Baba kuwa loma biyu zai yi ya ji ya cika har wuya. Sai ya koyi dabara: ya gutsuri tuwon zafi ya yi ta mulmula shi a hannu, ya ɗauko labarin wata saniya da ta tsere a zamanin da, ya yi ta ja har a cinye. In ya shigo cikin gida kuma sai amai. Mahaifiyata ce ta gaji da gani, ta aiko aka kira ni.

Na sa shi gaba muka koma asibiti, aka yi hoton ciki. Ashe ruwan da tsokar nan ta zubar lokacin kumburin ne ya taru a bayan tumbi, ya yi wa kansa jaka kusan girman kwakwa, yana danne tumbin har abinci ya rasa wurin zama. Aka ce in an bar shi zai iya yin ruɓa ko ya fashe. Hanya biyu ce. Ko a yanka ciki a zubar da ruwan, ya yi jinya mai tsawo a kwance, ko kuma a tura mu wurin wani likita a Ankara, wato Akra kamar yadda muke kiranta a Zango, wanda ke yin aikin ta baki ba tare da yanka ba. Na lura da fuskar Baba lokacin da ake bayani. Duk cikin maganar kalma biyu kawai ya ji: ba yanka.

Likitan Ankara mutum ne mai sanyin magana, da Tiwi, yaren mutanen Kumasi, ya yi wa Baba bayani, Baba kuwa yana jin Tiwi kamar a Kejetia aka haife shi. Ya nuna mana wani dogon bututu mai laushi, kaurin ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Ya ce za a sa Baba barci, a bi da shi ta maƙogwaro har cikin tumbi. A bakin bututun akwai irin na'urar da ake duba masu juna biyu, ita za ta hango masa jakar ruwan ta bayan bangon tumbi, ta kuma nuna masa inda jijiyoyin jini suke don ya kauce musu. Sai ya huda bangon, ya saka ɗan ƙarfe ya haɗa jakar da tumbin, ruwan ya gangaro cikin tumbi ya bi hanyar da abinci ke bi ya fita. Ya ɗauko irin ƙarfen ya ɗora a tafin hannun Baba. Ɗan guntu ne na saƙar waya, bai kai gaɓar yatsa biyu ba, bakinsa biyu a buɗe, tsakiya a tsuke, kamar an ƙanƙanta kalangun mahauta.

Daga nan likitan ya gyara zama, ya kalli Baba, ya kalle ni. Ya ce ƙarfen nan ba na zama ba ne. Kamar wata guda zai yi, a sake hoto, a cire shi ta inda aka saka shi. Dalili kuwa, in ruwan ya ƙare jakar za ta motse, bakin ƙarfen na ciki ya fara gogar abin da ke bayanta, kuma akwai manyan jijiyoyin jini a wurin. Ko kuma naman tumbi ya rufe shi, cirewar ta zama aiki. Ya ce in muka ga bahaya ta yi baƙi, ko jiri, ko aman jini, kada mu jira gari ya waye. Ya maimaita har ya fara ba ni haushi.

Baba ya juya ƙarfen a hannu ya ce, "To ashe baƙo ne. Ai ni saukar baƙi ce sana'ata."

Likitan ya yi dariya, ya ce, "Papa, wannan baƙon in ya daɗe, mai masauki yake ci."

Aikin bai ɗauki wani lokaci ba. Ina zaune a kan benci ban gama jan carbina ba aka ce an fito da shi. Da ya farka, abu na farko da ya yi shi ne ɗaga riga ya duba cikinsa, ya shafa dama ya shafa hagu, bai ga ko ƙwarzane ba. Maƙogwaro kawai ke masa ɗan zafi. Washegari cikin ya saɓe, ya ce a samo masa koko, ya shanye kofi guda ya nemi ƙari. Na juya baya na yi kuka, don na manta rabon da in ga Baba ya nemi ƙarin wani abu.

A mota muna dawowa ya ja mini kunne. Ya ce shi tafiya ce ta kama shi zuwa Ankara, ya je ya dawo, iyakar abin da kowa zai sani ke nan. Ban da ni da mahaifiyata, ko yayyena ba su san da maganar ƙarfe ba. Na amince, don ni ma na san yadda kara take. Kuma gaskiya asirin ya rufu. Babu ɗinki, babu bandeji, babu masu zuwa dubiya. Ya koma zaure yana cin tuwo da miyar ayoyo har yana rigan baƙi kai hannu, kumatunsa suka fara dawowa. Mu duka muka saki jiki, har ni mai bakin.

Abin da ban lissafa ba shi ne lokacin cire ƙarfen zai faɗo daidai gab da Layya. Wanda ya san Mayanka a waɗannan kwanaki ya san abin da nake nufi. Motoci na shigowa ba dare ba rana, kowane ɗaki a gidanmu ya cika, wasu a tsakar gida suke shimfiɗa. Abin da maigida zai ci shekara da shi a nan yake samunsa, kuma a nan ne baƙo ke yanke shawarar ko baɗi zai dawo gidan. Maigida ya ɓace a irin wannan lokaci, ko na kwana biyu ne, sai an tambayi dalili.

Na same shi da safe kafin ya fita, na tuna masa. Ya ce yoo, wato to, ya ji, bayan Sallah. Na ce likita bai ce bayan Sallah ba. Ya ce likita ba shi da shanu a kara. Na ɗaure fuska irin ta tsohuwa, na ce ni uwarsa ce, na ba shi umarni. Da wannan nake cin galaba a kansa tun ina yarinya, amma ranar sai ya yi murmushi kawai ya ɗauki sandarsa. Ya ce shi bai taɓa korar baƙo daga gidansa ba, ba zai fara da wanda ya yi masa alheri ba. Ya buga cikinsa da tafin hannu ya ce in duba, lafiya lau.

A nan matsalar take, lafiyar lau ɗin ce. Da yana jin zafi da na samu abin kamawa. Asibitin suka kira ni a waya, na ce muna nan tafe. Suka sake kira, na sake cewa muna nan tafe, irin muna nan tafen da nake yi wa mai ɗinkina. Kullum in na tashi daga kasuwa sai in biya gida in yi masa mita, shi kuma ya aiko a ba ni tsire in tafi da shi. Haka muka yi ta yi, lokacin ya zo ya wuce, ni ina mita ina cin tsire.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, da hantsi, mahaifiyata ta kira ni. Ita ba mai yawan magana ba ce a waya, sai ta ce kawai in bar abin da nake in zo. Na tarar da ita a ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce tun jiya bahayar Baba ta koma baƙa ƙirin kamar kwalta, da wani irin wari, kuma da Asuba da ya ɗago daga sujada sai da ya dafa bango. Ta yi masa magana ya ce maganin ƙarin jini ne da yake sha, alhali ita ta san ya daina shansa tuntuni.

Na kira likitan, na faɗa masa. Duk sanyin maganar nan tasa ta tafi. Ya ce jini ne ke zuba a ciki, a kai shi asibiti mafi kusa yanzu, a ƙara masa jini, sannan a kawo masa shi. Ya ce irin wannan zubar takan fara a hankali, sannan ta ɓalle gaba ɗaya, kuma in ta ɓalle a kara ko a hanya, babu abin da kowa zai iya yi.

Baba ya dawo daga Mayanka gab da Azahar, na tare shi a ɗakinsa. Leɓɓansa sun yi fari, tafin hannunsa ma haka, yana haki kamar ya hau tudu. Na faɗa masa abin da likita ya ce, ban rage komai ba. Ya saurare ni, ya ce ya sani, shi ma yana jin jikinsa. Amma akwai motoci a hanya, akwai shanun mutane a kara da ba a sayar ba, akwai mahautan da shi kaɗai ke iya tanƙwara su. Ya ce in bar shi ya kai ranar Sallah, da an sauko daga Idi shi da kansa zai shiga mota. Na roƙe shi, na yi faɗa, na yi kuka. A ƙarshe ya ce da ni, a hankali, gidan nan mahaifinsa ne ya bar masa shi cike da baƙi, ba zai zama shi ne ya watsa shi ba. Ya yi alwala ya fita.

A cikin baƙinmu akwai wani dattijo Bafillace daga can arewacin Burkina, wanda tun kafin a haife ni yake sauka a gidanmu. Baffa muke ce masa. Ba ya da yawan magana, in ya zauna sai ka manta yana wurin, amma in ya ce wani abu sauran fatake ba sa musu. Shi na tuna lokacin da na ga ana zuba tuwon baƙi. Na so in kira shi gefe, sai na ga babu lokacin wannan, kuma na san Baba: in mutum ɗaya ne, zai lallashe shi kamar yadda ya yi ta lallashina.

Mata ba sa shiga zauren baƙi a gidanmu. A bakin ƙofa ake ajiye abinci, a yi sallama, a juya. Ranar na karɓi farantin da kaina na shige har tsakiya, na ajiye, na durƙusa. Zauren a cike yake, kowa ya wanke hannu. Muryar Kejetia kuwa ba ta ba ni kunya ba.

Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, magana na kawo. Maigidanku ba shi da lafiya. An yi masa aiki a Ankara, an sa masa ƙarfe a ciki, lokacin cirewa ya wuce ya ƙi komawa saboda shanunku. Yanzu haka jini ke zuba a cikinsa. Likita ya ce in bai je yau ba, zai iya faɗuwa a kara."

Baba bai ɗaga murya ba, ya ce, "Uwata, koma ciki."

Ban koma ba. Baffa ya dubi Baba ya ce, "Maigida, gaskiya ne?"

A harkarsu akwai abin da ba a yi. In mai saye ya tambayi dillali ko saniya na da aibi, dole ya faɗa, ko da cinikin zai lalace. Da wannan aka san Baba a Mayanka, shi ne ma dalilin da ya sa ake sauka a gidansa. Na ga yana neman hanyar kaucewa. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne.

Baffa ya jawo murfi ya rufe farantin. Ya ce, "Shekara da shekaru ba ka taɓa ɓoye mini aibin saniya ba, yau ka ɓoye mini naka. Ni dai ba zan ƙara cin abincin gidan nan ba sai ka shiga mota. Shanu in sun kwana, ciyawa za su ci."

Baƙo ya ƙi abincin maigida, a wurin Baba babu abin da ya kai wannan nauyi. Ya dubi farantin, ya dubi mutanen, ni kam bai dube ni ba. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi, sai da mutum biyu suka kama shi. Haka aka fito da shi ta ƙofar gida da rana tsaka, a gaban duk unguwa, abin da ya yi wata da watanni yana gudu.

A asibitin Kumasi aka fara ƙara masa jini. Kafin Magariba labari ya gama Zango, samarin mahauta suka cika harabar suna miƙa hannu a ɗebi nasu. Wannan ya faranta mini rai. Amma a wannan yammacin dai, mahaifiyata ta ce tana tsaye a tsakar gida tana kallo baƙi suna naɗe tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Kowa zai zo ya yi mata sannu, ya yi addu'a, ya ɗauki jakarsa ya nufi gidan wani maigidan. Motocin da ke hanya ma can suka sauka. Baffa da wasu 'yan tsiraru ne suka zauna, suka sayar da shanunsu yadda ya samu.

Washegari motar asibiti ta kai mu Ankara. Likitan bai yi mana faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ta bakin dai ya sake bi, ya tarar jakar ta motse sarai kamar yadda aka so, amma bakin ƙarfen ya ci wani wuri yana tsattsafar jini. Ya cire shi, suka tsayar da jinin. Da ya fito ya ce mini babbar jijiyar tana dab da wurin, mun zo a kan gaɓa. Na zauna a ƙasa a wurin, ban damu da masu wucewa ba, na yi ta hamdala.

A asibitin muka yi Sallah. Ni da na saba ranar Layya ina tsakiyar nama har in gaji da ganinsa, dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da kifi na ci a bakin titi. Baba ya farfaɗo sosai, yana gaisawa da nas-nas, yana tsokanar maƙwabcin gadonsa. Ni kuwa in na gaishe shi zai amsa, in na miƙa masa ruwa zai karɓa, shi ke nan. Da muka dawo Kumasi ya shiga gida ya bi ɗakunan baƙi ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, duk a share, babu ko takalmi a bakin ƙofa. Ya shiga ɗakinsa, ranar bai fito ba.

Daga baya an cire masa maɗaciyar ma don kada tsakuwa ta sake, ya warke tas, ya koma kara. Amma baƙi ba su dawo ba. Falke in ya saba da sabon masauki ya saba ke nan. Baffa ya ci gaba da sauka a wurinmu har tsufa ya hana shi tafiya, bayansa kuma sai ɗai-ɗai. Yanzu ɗakunan nan 'yan haya ne a ciki, zauren kuma jikoki ke karatun allo. Abin da Baba ya ji tsoro ya faru, daidai yadda ya faɗa, kuma ta bakina ya faru.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ban taɓa ganin laifin fataken ba, ban kuma ga wautar Baba ba, don ba taurin kai kawai ba ne, ya san abin da zai rasa fiye da yadda ni na sani. Abin da na fahimta shi ne, mu mutane ne masu yarda da abin da ido ya gani. Da yanka shi aka yi, da ɗinkin ya riƙa tuna masa, da masu dubiya sun cika gida, da shi kansa ya ɗauki kansa majinyaci. Aikin da aka yi masa ya yi kyau har ya sa muka manta ba a gama ba. Shi ya sa na ce wa maƙwabciyata kada ta ji tsoron sakawar, sauƙi ne babba Allah ya kawo. Ta dai riƙe ranar cirewa da hannu biyu, kuma ta fara shirin rigimar tun yanzu, don ranar da mijinta ya ji daɗin jikinsa ranar zai fara gardama.

Wasu sukan tambaye ni ko na yi nadama. Ban yi ba. Amma ƙarya ne in ce ba ya mini ciwo in na wuce ta zauren nan da Azahar na ji shiru. Na raba mahaifina da abin da ya fi so a duniya, ina sane, kuma da za a mayar da ni wannan rana da na sake ɗaukar farantin.

Baba yana nan, ya tsufa, ya daina zuwa kara. Mun daɗe da shiryawa, yana cin abincina, yana tsokanata. Sai dai bai taɓa cewa na yi daidai ba, ban kuma sa ran zai ce ba. Duk Layya, in masu gaisuwar Sallah suka taru, sai ya nuna ni da baki ya ce, "Ga ta nan, ita ce ta shiga zaure ta watsa mini gida." Mutane su yi dariya, amma ni na san ba duka ne wasa ba. Sai ya ɗauko labarin tun daga farko, da motocin da ke hanya, da shanun da aka sayar da arha, da sunan duk baƙon da ya tafi.

Bana ma ya faɗa. Da can nakan tashi in ba su wuri, amma yanzu na daina. Na zauna a bakin ƙofa na saurara har ƙarshe, ban katse shi ba. Muryar ta ɗan yi rauni, yana tsayawa ya huta a tsakani, amma bai manta ko mutum ɗaya ba, kuma haushin yana nan daram. Allah ya kai mu baɗi, ya sake nuna ni da baki.